Sake gina Arsenal: kundin bibiyar kakar 2021/22

12 ga Agusta, 2021

Gobe Arsenal za ta buɗe kakar Firimiya a gidan Brentford. Da gangan muka buɗe wannan kundi yau, tun ba a take leda ba, domin mu rubuta abin da ya dace a nema daga ƙungiyar a bana tun zuciya tana kwance. Kowa ya san halin magoya baya: in aka ci wasa uku a jere sai a fara zancen kofi, in aka sha kashi biyu sai a ce a kori koci. Mudun da aka sassaƙa bayan an ga yawan hatsi ba ya auna gaskiya, shi ya sa muke ajiye namu tun yanzu.

Ga inda aka kwana. Kaka biyu a jere Arsenal tana ƙarewa ta takwas, da maki 56 a 2019/20, da maki 61 a 2020/21. Bana babu gasar Turai ko wace iri, abin da rabon ƙungiyar da shi tun kakar 1995/96. Rabonta da Gasar Zakarun Turai kuwa tun 2016/17. Mikel Arteta ya karɓi aikin koci a Disambar 2019, ya ɗauki Kofin FA a Agustan 2020, kuma wannan kofin ya rufe ɓaraka mai yawa, don ya sa mutane sun ɗauka gyaran bai kai yadda yake ba. A bara an ci ƙwallo 55 kacal a wasa 38, an zura wa ƙungiyar 39. Wato baya ta ɗan gyaru, gaba ce ta mutu.

Magoya baya sun kasu uku a yanzu. Akwai masu cewa ta huɗu ko a sallami koci, (ta huɗu ita ce ke kai wa Gasar Zakarun Turai), akwai masu cewa a yi haƙuri komai ya faru, akwai kuma waɗanda tun zanga-zangar watan Afrilu a kan gasar Super League, wadda manyan ƙungiyoyin Turai suka so kafawa su kaɗai, fushinsu yana kan mai ƙungiyar, Stan Kroenke, ba kan fili ba. Na farko suna neman abin da 'yan wasan da ake da su ba su kai ba. Na biyu kuma haƙurinsu ba shi da iyaka, kuma haƙurin da ba a sa masa sharaɗi ba yakan zama mafakar gazawa.

Namu mudun shi ne wannan. A bara West Ham ta yi ta shida da maki 65, Chelsea ta yi ta huɗu da 67. A kakar da ta gabace ta Chelsea ɗin ta yi ta huɗu da 66, amma a 2018/19 sai da Tottenham ta haɗa 71, a 2017/18 kuma Liverpool ta haɗa 75. Saboda haka maki 65 zuwa 68 da komawa gasar Europa shi ne biyan bukata a bana. Gurbi na huɗu riba ce a kan uwar kuɗi. A sake yin ta takwas kuwa faɗuwa ce, kuma za mu faɗi hakan ba kwana-kwana. Bayan maki, muna son mu ga gola ɗaya da 'yan baya huɗu da za a iya lissafowa ba tare da an duba takarda ba, mu ga ƙwallayen da ake ci sun haura 60, mu ga Bukayo Saka mai shekara 19 da Emile Smith Rowe mai 21 da Gabriel Martinelli mai 20 suna cikin sha ɗayan farko saboda cancanta, mu kuma ga an rage manyan albashin da ake biya wa waɗanda ba sa buga wasa.

Zuwa yau an sayo uku: Nuno Tavares daga Benfica, Albert Sambi Lokonga daga Anderlecht, sai Ben White daga Brighton a kan fam miliyan 50.

29 ga Agusta

Wasa uku, kashi uku, an zura mana tara, ba mu ci ko ɗaya ba. Brentford 2-0, Chelsea 2-0, jiya kuma Manchester City 5-0. Ƙungiyar tana can ƙarshen teburi. Rabon da Arsenal ta buɗe kaka da rashin nasara uku a jere tun 1954.

Ba za mu yi wa wannan kwalliya ba, amma dole a rarrabe abin da ya lalace saboda rashin mutane da abin da ya lalace saboda tsari. A Brentford babu Pierre-Emerick Aubameyang da Alexandre Lacazette saboda korona, babu Thomas Partey da Gabriel saboda rauni. A wasan Chelsea White ma korona ta kwantar da shi, Romelu Lukaku ya yi yadda ya ga dama da Pablo Marí. A Etihad, gidan City, an jera Calum Chambers da Rob Holding da Sead Kolašinac a tsakiyar baya, sannan Granit Xhaka ya karɓi jan kati tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Wannan duk rashin mutane ne. Abin da ba shi da uzuri shi ne ƙwallo ta biyu a Brentford, doguwar jifa aka yi cikin da'ira, kowa ya tsaya kallo har Christian Nørgaard ya sa kai. An ɗauko mai horarwa Nicolas Jover daga Manchester City a watan jiya musamman don irin waɗannan ƙwallaye na kwana da jifa da bugun tazara, sai mu ga aikinsa.

Kiran a kori Arteta ya yi ƙarfi ƙwarai. Matsayinmu shi ne ba a yanke wa maƙeri hukunci kafin ƙarfen ya iso maƙera. A ba shi wasa takwas da cikakkun 'yan bayansa. In har zuwa hutun Nuwamba ƙungiyar ba ta haɗa maki 15 a waɗannan takwas ɗin ba, to masu wannan kira suna da hujja, mu ma za mu bi sahunsu.

1 ga Satumba

An rufe kasuwa. Martin Ødegaard ya dawo daga Real Madrid, wannan karon saye ne ba aro ba. Aaron Ramsdale ya zo daga Sheffield United, Takehiro Tomiyasu kuma daga Bologna a ranar ƙarshe. Mutum shida ke nan, kuɗinsu ya kai wajen fam miliyan 140, kuma babu wanda ya haura shekara 23 a cikinsu.

A nan ne magoya baya da yawa suke kuskuren lissafi. Suna cewa ai an kashe kuɗin da ya isa a sayo manyan taurari biyu. Gaskiya ne, amma ba abin da aka je saya ke nan ba. Kuɗin sayen ɗan wasa ana raba shi ne a littafin ƙungiya bisa shekarun kwantiraginsa: fam miliyan 50 a kan shekara biyar, miliyan goma ke nan a kowace shekara. Ɗan shekara 23 in kwantiragin ya ƙare yana ganiyarsa, ana iya sayar da shi ko a sabunta. Ɗan shekara 32 kuwa albashinsa ya fi yawa, ranar da ƙafarsa ta yi sanyi kuma babu mai saye. Misalin yana nan a gida: Willian ya zo kyauta a bara da kwantiragin shekara uku, shekaranjiya aka soke shi bayan kaka ɗaya. Mesut Özil ma haka aka rabu da shi a Janairu. Abin da wannan hanya take ci shi ne lokaci. Yaro yakan yi wasa huɗu masu kyau ya ɓata na biyar, kuma a na biyar ɗin ne ake zubar da maki.

Sayen Ramsdale shi ya fi jawo surutu, saboda ya faɗi daga Firimiya da Bournemouth, ya sake faɗuwa da Sheffield United. Amma abin da Arteta yake nema a gola shi ne ƙafa: wanda zai karɓi ƙwallo ana matsa masa, ya miƙa ta tsakiya ba tare da ya doka ta sama ba. Bernd Leno gwani ne wajen tare ƙwallo, nan ne dai yake da rauni.

Waɗanda suka fita: an sayar da Joe Willock ga Newcastle, an ba da aron Héctor Bellerín da Lucas Torreira da Mattéo Guendouzi da William Saliba da Reiss Nelson. Gurbin da ba a taɓa ba shi ne lamba tara. Aubameyang yana da shekara 32, kwantiragin Lacazette da na Eddie Nketiah duka za su ƙare a Yuni. Mun sa alama a nan.

27 ga Satumba

Nasara uku: Norwich 1-0, Burnley 1-0, jiya Tottenham 3-1, kuma ƙwallaye ukun duk kafin hutun rabin lokaci. Tun wasan Norwich aka jera Ramsdale, Tomiyasu, White, Gabriel, Kieran Tierney, ba a sake taɓa su ba. Tsarin ya fito fili: Tierney yana hawa sama ta hagu, Tomiyasu yana matsowa ciki ya zama na uku a baya, Saka ya samu fili shi kaɗai ta dama.

Xhaka ya ji rauni a gwiwa jiya, zai daɗe yana jinya. Lokonga zai shiga tun kafin lokacin da aka tsara masa.

8 ga Nuwamba

Wasa takwas ɗin da muka ɗiba sun cika. Nasara shida, canjaras biyu, maki 20, an ci 13, an zura mana huɗu, sau biyar ba a taɓa ragarmu ba. Mun sa 15, an kawo 20. Daga ta ashirin ƙungiyar ta hau ta biyar. Maganar korar koci mun ajiye ta.

Yanzu haɗarin ya koma ɗaya gefen. Waɗanda suka ce a kori kowa a Agusta su ne suka fara lissafin Gasar Zakarun Turai. A duba waɗanda aka doke: babu City, babu Liverpool, babu Chelsea a cikinsu. A Leicester ma ba don Ramsdale ya ture bugun tazarar James Maddison da wasu ƙwallaye bayansa ba, da labari ya sha bamban. Ƙwallo 13 a wasa 11 kuma kaɗan ce, ko da an cire ukun farko. Aubameyang ya ɓarar da fanareti a wasan Aston Villa, ya sake ɓararwa jiya a wasan Watford. Smith Rowe ne yake ɗauke da nauyin da ba nasa ba.

7 ga Disamba

Kashi uku: Liverpool 4-0, Manchester United 3-2, jiya Everton 2-1. Newcastle kawai aka doke a tsakani. Ta Liverpool a Anfield ba ta ba mu mamaki ba, tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyin biyu ke nan a yau. Sauran biyun su ne masu ciwo, don a dukkansu Arsenal ce ta fara ci, sai ta ja da baya. Everton ɗin nan wasa takwas ta yi ba nasara kafin jiya.

Abin da ke faruwa a fili shi ne: da zarar an ci ƙwallo sai 'yan gaba su daina matsawa, 'yan tsakiya su koma kusa da 'yan baya, ƙwallon da aka ƙwato kuma babu wanda zai riƙe ta a sama har sauran su iso. Sai ta dawo. Wannan ciwon ƙuruciya ne, ana kuma warkewa, amma rabinsa na lamba tara ne. Rabon Aubameyang da raga a Firimiya tun 22 ga Oktoba.

27 ga Disamba

An ajiye Aubameyang a wasan Southampton saboda saɓa dokar ƙungiya, ranar 14 ga wata kuma aka karɓe kyaftin daga hannunsa. Magoya baya sun rabu biyu a kai, kuma muna fahimtar masu jin zafi, don shi ya ci ƙwallo biyun da suka kawo Kofin FA. Sai dai ƙungiyar da ake ginawa da yara ba za ta yi doka biyu ba, ɗaya ta kyaftin ɗaya ta saura.

A fili abin ya yi kyau fiye da zato. Southampton 3-0, West Ham 2-0, Leeds 4-1, Norwich 5-0: an ci 14, an zura mana ɗaya. Lacazette ba ya cin ƙwallo sosai, amma yana saukowa ya karɓa, ya jawo ɗan baya ya biyo shi, sai Martinelli da Saka su faɗa gurbin da aka bari. Ødegaard ya samu wanda zai yi ba-ni-in-ba-ka da shi.

Rabin kaka ke nan: wasa 19, maki 35, an ci 32, an zura mana 23, matsayi na huɗu. In aka ninka, maki 70 ne, ya ɗan haura mudunmu. Ba mu canza mudun ba. Dalili kuwa, a Janairu Partey da Mohamed Elneny da Nicolas Pépé za su tafi Gasar Kofin Afirka a Kamaru, kuma Tottenham ta fara tashi tun zuwan koci Antonio Conte a farkon Nuwamba.

2 ga Fabrairu, 2022

Janairu ya yi muni. Wasa biyar, babu nasara, ƙwallo ɗaya tak. City ta ci 2-1 a minti na ƙarshe a wasan da Arsenal ta fi taka leda a duk kakar nan. Nottingham Forest ta fitar da mu daga Kofin FA, Liverpool ta fitar da mu a wasan daf da ƙarshe na Kofin Carabao, Burnley ta riƙe mu babu ci. Jan kati uku a wata ɗaya: Gabriel, Xhaka, Partey. Na Partey ya fi ban takaici, daga Kamaru ya sauko a ranar, aka sako shi daga benci, ya karɓi katin gargaɗi biyu cikin 'yan mintoci.

Amma abin da zai yanke hukuncin kakar nan kasuwa ce. Aubameyang ya tafi Barcelona bayan an soke kwantiraginsa. Kolašinac ya tafi Marseille, Chambers ya tafi Aston Villa, an ba da aron Marí da Ainsley Maitland-Niles da Folarin Balogun. Ba a kawo ko mutum ɗaya da zai buga wasa a bana ba. Dušan Vlahović, wanda aka yi ta alaƙanta shi da Arsenal, Juventus ya tafi. Ita kuwa Tottenham ta ɗauko Dejan Kulusevski da Rodrigo Bentancur.

Hujjar Arteta da Edu, daraktan fasaha na ƙungiyar, a bayyane take: wasa 17 ne suka rage, kusan ɗaya a mako, babu kofi babu Turai, kuma sayen gaggawa a Janairu shi ya cika ƙungiyar da mutanen da aka shafe shekara biyu ana neman hanyar rabuwa da su. Ta fuskar rage albashi, abin da muka nema a Agusta ya samu har ya yi yawa. Mun yarda da rashin sayen lamba tara na tilas. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne sakin Chambers da Maitland-Niles a wata guda, alhali Tomiyasu yana fama da ciwon sha-raɓa. Waɗannan biyun kowannensu yana iya toshe gurbi biyu ko uku, kuma albashinsu ba shi ne matsalar ba.

A ƙirga abin da ya rage. Lamba biyu: Tomiyasu da Cédric. Lamba uku: Tierney da Tavares, wanda aka cire shi tun kafin hutu a wasan Forest. Tsakiyar baya: White, Gabriel, Holding. Tsakiya: Partey, Xhaka, Lokonga, Elneny. Gaba: Lacazette da Nketiah. Mutum biyu daga cikin Partey da Tierney da Gabriel suka kwanta lokaci ɗaya, ginin zai girgiza. Duk mai goyon bayan da ya yarda da wannan kasuwar, to ya yarda da wannan cacar, kada ya manta in ranar ta zo.

21 ga Maris

Nasara shida a wasa bakwai, Liverpool ce kawai ta doke mu. Maki 54 a wasa 28, matsayi na huɗu, maki uku a gaban Tottenham ga kuma kwantan wasa ɗaya.

An sauya tsakiya. Partey ya zauna shi kaɗai a gaban 'yan baya, Xhaka ya matsa sama ta hagu, Ødegaard ta dama kusa da Saka. Wannan ya sa ana samun mutum biyar a layin gaba in ana kai hari. Sharaɗinsa ɗaya ne: mai zama shi kaɗai ɗin sai ya iya karɓar ƙwallo da mutum a bayansa, ya juya, ya miƙa gaba. Partey kaɗai ne yake iya wannan a ƙungiyar.

Wasan Wolves na 24 ga Fabrairu ya cancanci a rubuta shi daban. Shi ne karon farko a bana da aka fara zura wa Arsenal ƙwallo ta farke har ta yi nasara. Sau huɗun da suka gabata a Firimiya, ko ƙwallo ɗaya ba ta rama ba.

Yanzu kusan kowa ya mayar da gurbi na huɗu wajibi. Mun fahimci dalili, wanda ya ga abu a tafin hannunsa ba ya jin lissafin Agusta. Mu ma muna so. Amma 'yan wasan ba su ƙaru ba tun Fabrairu, lafiya ce kawai aka samu.

17 ga Afrilu

Ranar ta zo. Tierney ya dawo daga wasannin ƙasa da ciwon gwiwa, sai tiyata, ya gama kakar bana. Partey ya ji rauni a cinya a Selhurst Park, gidan Crystal Palace. Tomiyasu bai dawo ba. Sakamako kashi uku: Crystal Palace 3-0, Brighton 2-1, jiya Southampton 1-0.

Yadda abin ya warware yana da kyau a bi shi daki-daki, don ba rashin zuciya ba ne kamar yadda ake ta faɗa. A Palace an sa Tavares a lamba uku, aka matsa masa, aka cire shi a hutun rabin lokaci. A wasan Brighton sai aka mayar da Xhaka lamba uku. Wannan ya toshe rami ɗaya ya buɗe biyu: tsakiya ta rasa Partey ta kuma rasa Xhaka, aka bar Lokonga shi kaɗai a aikin da ya fi kowane wuya a tsarin. Ƙwallo ta daina isa wurin Ødegaard, shi kuma ya riƙa saukowa nemanta, Saka ya zauna ba mai ba shi. Martinelli ma ya rasa mai zagayowa ta bayansa, don haka 'yan baya biyu suke tare shi. Wannan kuskuren koci ne, kuma muna ganin da an bar Tavares a gurbinsa an sa Elneny kusa da Xhaka, da asarar ba ta kai haka ba. A Southampton an kai hari sosai, Fraser Forster ya hana, amma ƙungiyar da lamba taranta rabonsa da cin ƙwallon da ba fanareti ba tun 11 ga Disamba ba za ta ɗora wa golan wasu laifi ba.

Maki 54 a wasa 31. Don a kai 65 ana bukatar 11 a wasa bakwai, kuma a cikinsu akwai Chelsea da United da West Ham da Tottenham. Yanzu mudun Agusta ma ba tabbas ba ne.

9 ga Mayu

Nasara huɗu: Chelsea 4-2 a Stamford Bridge, United 3-1, West Ham 2-1, Leeds 2-1. Gyaran da aka yi mai sauƙi ne: Elneny ya shigo kusa da Xhaka, aka koma mutum biyu a tsakiya, Nketiah ya karɓi gaba yana gudu ta bayan 'yan baya, abin da Lacazette ba ya yi. Ya ci huɗu a waɗannan wasannin. An tsawaita kwantiragin Arteta zuwa 2025 ranar Juma'a.

Maki 66, an shiga cikin mudu. Tazarar maki huɗu a kan Tottenham, saura wasa uku, kuma ranar Alhamis a gidansu za a buga. Nasara ta ba da gurbi na huɗu kai tsaye. Abin lura: wasa bakwai ke nan a jere ana zura mana ƙwallo.

17 ga Mayu

Kashi biyu: Tottenham 3-0, Newcastle 2-0. White bai samu buga wasan farko ba saboda ciwon cinya, Holding ya tsaya a gurbinsa, ya manne wa Son Heung-min fiye da kima, ya karɓi katin gargaɗi biyu kafin minti na 35. Gabriel ya fita da rauni a wasan. Jiya a St James' Park, gidan Newcastle, an sa White da Gabriel duka alhali ba su gama warwarewa ba, don babu wasu, Tomiyasu ya sake fita da ciwo, White ya ci gida, Bruno Guimarães ya ƙara ta biyu.

Ta Tottenham ana iya cewa jan kati ne. Ta Newcastle babu abin fakewa: an kasa fita da ƙwallo daga baya tun minti na farko, kuma babu dabara ta biyu. Wannan shi ne wasa mafi muni tun Agusta, ya kuma zo a ranar da aka fi bukatar akasinsa.

23 ga Mayu

An doke Everton 5-1, amma Tottenham ta ci Norwich 5-0. Arsenal ta ƙare ta biyar da maki 69, Tottenham ta huɗu da 71. Nasara 22, canjaras uku, rashin nasara 13, an ci 61, an zura mana 48.

In aka ɗora a kan abin da muka rubuta ranar 12 ga Agusta: mun nemi maki 65 zuwa 68 da gasar Europa, an samu 69 da gasar Europa. Mun nemi ƙwallaye sama da 60, an samu 61, da ƙyar. Saka ya ci 11 a Firimiya, Smith Rowe 10, Ødegaard bakwai, Martinelli shida. 'Yan bayan biyar kowa ya san su. An sauke manyan albashi. Duk abin da aka nema an biya. Wannan ba ya hana ciwon rasa gurbin da yake hannu saura wasa uku, kuma wanda yake jin haushi yau ba butulci ya yi ba. Abin da ba daidai ba shi ne a kira kakar faɗuwa, ko a ce a rushe a sake.

Lambobi uku ne za mu tafi da su. Daga wasa na huɗu zuwa na 28 an zura wa Arsenal 22 a wasa 25, a goman ƙarshe kuwa, bayan rasa Tierney da Partey, an zura mata 17, kuma babu wasa ɗaya da ragarta ta tsira. Sau 11 aka fara zura mata ƙwallo a Firimiyar bana, ta sha kashi a goma. A wasa shida da City da Liverpool da Chelsea ta ci ɗaya ta faɗi biyar, ƙwallo biyar ta ci, aka zura mata 17. Na farko matsalar benci ce, na biyu matsalar lamba tara da rashin wanda zai shigo ya sauya wasa, na uku kuma tazara ce da kasuwa ɗaya ba za ta rufe ba.

Aikin bazara: lamba tara da zai kawo ƙwallo 15 zuwa 20 kuma ya iya matsawa daga sama, lamba uku na biyu da za a amince masa, ɗan tsakiya da zai iya zama a gurbin Partey, da mai hutar da Saka ta dama. Saliba zai dawo daga Marseille da kyautar matashin ɗan wasan da ya fi fice a gasar Faransa, dole a ba shi gurbi a wannan karon. Matt Turner yana tafe a matsayin gola na biyu. Kwantiragin Lacazette da Nketiah da Elneny suna ƙarewa a Yuni, a ganinmu a riƙe biyun ƙarshe. Kaka mai zuwa akwai wasannin Alhamis na Europa, za a koma canjin mutum biyar a Firimiya, ga Gasar Kofin Duniya a Qatar da za ta raba kakar biyu a Nuwamba, don haka mutum 14 da aka dogara da su bana ba za su isa ba, ana bukatar 18 zuwa 20. Mudun 2022/23 zai fara ne daga gurbi na huɗu da maki 72 zuwa sama, kuma za mu rubuta shi cikakke bayan an buɗe kasuwa ranar 10 ga Yuni.